Sunan 'Yar Fari a Gaban Kwamiti

Ni fa tun farko na ce musu Gwaggo ba za ta faɗi sunan nan ba, amma wa ya saurare ni?

Gwaggo maƙwabciyata ce a Landover, nan Amurka. 'Yarta ta fari ta haihu lafiya a asibiti, washegari ta yi ta danna ƙararrawa tana cewa kanta zai tsage. Aka ce ta cika raki, kamar yadda aka saba ce wa baƙar mace. Kafin a duba hawan jininta ta tafi. Ƙungiyarmu ta ma'aikatan lafiya tana neman majalisar jiha ta yi dokar da za ta tilasta wa asibitoci duba mai jego da zarar ta koka. Mun kai takardu har mun gaji, aka ce sai an ga uwa da ido. Gwaggo ta yarda, don ƙaramar 'yarta na da tsohon ciki, kuma asibitin nan dai za ta.

Mai shirya mu wata matashiyar lauya ce, baƙar Ba'amurkiya, mai kirki da naci. Ta buga riguna da hoton marigayiyar, ta ce lallai uwar ta ambaci sunan da ƙarfi, haka suke karrama waɗanda aka zalunta. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe: uwa a wurinmu ba ta kiran sunan 'yar fari, kunya ce, ba rashin so ba. Lauyar ta ce ai na rana ɗaya ne. Na koma wurin Gwaggo in lallashe ta, ita kuma ta ce, "'Yar nan, ashe ke ma kin zama su?" Na rasa da wa zan ji, haushi kamar in fashe.

Ranar zaman kwamitin majalisar, ni ce tafinta. Gwaggo ta soma da gaisuwa, tana tambayar 'yan majalisa iyalansu, lokaci yana ta ƙurewa, rabinsu suna latsa waya. Ta ba da labarin ba ko hawaye, "yarinyar nan" kawai take cewa. Sai shugaban kwamitin ya ɗago ya nemi sunan, wai don a rubuta.

Lauyar tana ta yi mini ido. Can Gwaggo ta ce, "Gaya masa ni ban taɓa kiranta da suna ba, amma ko tari ta yi ina zuwa. Su 'yan asibitin da suka ɗaura mata sunan a hannu, ta kira su, me ya hana su zuwa?"

Na fassara musu. Suka ajiye wayoyi, suka yi mata godiya mai yawa, sannan suka ɗage maganar zuwa zaman baɗi.

A mota ina ta faɗa, ina tsine wa siyasa. Gwaggo ta bari na gama, ta ce, "Ke da kike jin bakinsu, in naƙudar ƙaramar ta tashi, za ki zauna mini kusa da ita?"