Burtsatsen Gindin Tsamiya

Shekarar da aka ba mu jiha ina koyar da kimiyya a Jega, kaina cike da littattafan nan na ƙage da ake zuwa duniyar wata cikin kumbo, inji na maganin komai. Na haddace su kamar karatun allo, har ina ganin duhun kai ne ya hana mutanenmu ruwa.

Sai ga motar haƙa burtsatse a ƙauyenmu, can hanyar Maiyama. Rami ɗaya tak aka rubuta mana, in an kuskure shi ke nan. Innata kuwa shekara talatin tana ɗauko tulu daga fadama, har wuyanta ya ƙage. Injiniya ya kafa ƙarafuna, ya ja waya, na'ura ta nuna gindin tsamiyar bakin gari.

Kawuna, wanda rijiyoyin yankin duk haƙarsa ce, ya matso ya ce, "Wurin ga da masu shi. Ku ja taki arba'in gabas, ko ku bari a zuba nono a yi musu sallama."

Injiniyan ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. Nan na tafka abin da har yau ke ci mini rai. Na mayar da maganar abin dariya, na ce tsoho ne ke tsoron aljanu. Kawu ya dube ni ya ce, "To Malam, kai ad da boko."

Bakin injin ya karye sau biyu. A na uku ruwa ya fito ja, mai ɗaci, ko jaki ya ƙi sha. Injiniya ya ce dutse ne da gishirin ƙasa, ya naɗe wayarsa, mota ta wuce Aliero. Ƙila gaskiyarsa. To ina idon na'urar yake da ba ta ga dutsen ba? A littattafaina kullum akwai gwanin da ke gyara lissafi a shafin ƙarshe. Mu ba wanda ya waiwaye mu.

Ban ce aljanu ne ba, na kuma kasa rantsewa ba su ba ne. Amma haushin kaina ya fi. Ko da tatsuniya tsohon yake yi, me taki arba'in zai rage wa kimiyya?

Rani biyu Kawu ya yi yana haƙa da hannu a inda ya nuna, Inna na ta jigila da tulunta. Ruwa ya fito garau. Ba ta sha ba, da shi aka wanke gawarta.