Uwar Soja Ba Ta Kira Sunansa Ba

Muna tsakiyar wasan kwaikwayo jiya a Tambuwal, kakana ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ƙarya ta!"

Ni na rubuta wasan, a kan yadda aka kwashi 'ya'yan talakawa irinsa daga Kebbe zuwa soja zamanin Jihar Arewa, 'ya'yan manya suna makaranta abinsu. Na sa uwar sojan ta bi mota da gudu tana kiran sunansa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Tsoho, faɗanka nake yi, kai kuma ka kunyata ni gaban mutane?"

Ya ce, "Ja'iri, ni ɗan fari na. Wace uwa ka kiran sunan ɗan fari? Fura ta dama, ta aje bakin ƙofa, ta ba ni baya. Da ta kira ni sau guda, wallahi da na diro daga motar."

Kafin ya dawo daga yaƙi ta rasu.

Na cire ihun daga wasan, amma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Jama'a, yaya ake nuna wa 'yan kallo irin wannan shirun?