Inno Raki da Ruwan Weston

Inno Raki ba ta iya zama ba. A Yawuri, inda ta tsufa tana bandar kifi a bakin Kwara, har tsokanarta ake yi wai ko a gidan makoki a tsaye take gaisuwa. Sai ga ta a saman bene a unguwar Sparkbrook, daga taga zuwa kicin, daga kicin zuwa taga, tana goge abin da ta riga ta goge.

Rainon jika ne ya kawo ta Birmingham. An rage ma'aikata a wurin surukinta Maharazu, ya koma Manchester da aiki, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Gidan rainon yara na unguwa ma an rufe, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. 'Yarta Safiyatu, ma'aikaciyar jinya, ta rasa inda za ta ajiye Rabi'a mai shekara biyu. Duk da haka, in za ta fita sai ta ja musu kunne kada su leƙa waje. Burin Inno bai wuce a yarda da ita a kan yarinyar nan ba, ko shagon kan kwana ne su je su biyu.

"Inno, ki bari ki san gari tukuna," in ji Safiyatu kullum.

Wata Asabar da rana ta yi kirki, matan unguwa suka ɗauki shatar bas zuwa Weston kallon teku. Inno ta sauka tana raba ido. Ga jakuna sun yi ɓulɓul, ba mangala, aikinsu kawai su ɗauki yara su je su dawo. Turawa sun baje a yashi kamar an shanya barkono. Babu kwalekwale, babu mai wanki, babu mai jan taru. Shi kuwa tekun da aka cika mata kunne da shi ya ja can nesa, sai ɗan ƙyalli.

Wannan kam ta gane shi. A gida in kogi ya ja baya, ya tafi ke nan sai damina, har bukka ake kafawa a kan yashi a shuka albasa. Ta ce a ranta ashe da rani suka zo.

Safiyatu ta shiga dogon layin masu soya kifi. "Ki zauna nan da ita, Inno, yanzu zan dawo."

Daɗi ya kama tsohuwa, yau an bar mata jikarta a waje. Amma 'yar bakin kogi ba ta zuwa wurin ruwa ta koma ba ta wanke fuska ba. Ta kama hannun Rabi'a. "Taho, ƙawata, mu gai da shi." Suka wuce wani allo mai jan rubutu, Inno kuwa ba ta yi boko ba.

Sun yi nisa, yashi ya fara zama laka, Rabi'a na tsintar ƙwanso, sai yarinyar ta nuna baya. Inno ta waiwaya. Ruwa ne ya zagayo ta wani kwari ya raba su da tudu, yana gudu, ba hadari ba ruwan sama. Ta saɓa yarinyar a baya, ta ɗaure da mayafi, ta yi bisimilla ta shiga. Laka ta cinye takalmanta. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sanyi kamar ya tsinke ƙashi, Rabi'a na tsala kuka a kunnenta. Wani Bature mai rigar ruwan ɗorawa ya taro ta ya miƙa mata hannu.

Safiyatu na tsaye a tudu, ƙunshin kifi a ƙasa tsuntsaye na wawaso. Ita da kanta ta kwance goyon.

"Sau biyu yake dawowa a rana, Inno," ta ce a hankali.

"To wannan ai ruwa ne marar tarbiyya," in ji Inno, ko za a yi dariya. Ba wanda ya yi. A bas, har aka iso gida, Rabi'a a cinyar uwarta ta yi barci.

Ranar Litinin da safe Inno ta dama kunun yarinya, ta fito da shi tana fifitawa. Ta tarar da Safiyatu da kayan gida a jikinta, tana waya da Maharazu, ta ba ta baya.

"Na soke shift ɗina, ba zan je aiki satin nan ba," take cewa. "Ba ni da mai riƙe min ita."