Abokina da Aka Ce Ya Tafi Legas

Ko tsufa zai cinye mini komai, ranar da na raka wata ma'aikaciyar jami'a gidan su abokina a unguwar Maamobi ba za ta fita daga kaina ba. A shekarun tamanin ne, muna shekara ta biyu a jami'a. Ni ɗan Nima ne, shi ɗan Maamobi, trotro ɗaya muke hawa, wato motar haya, kuma ya fi ni kai nesa ba kusa ba, duk da ban taɓa yarda da hakan a gabansa ba.

Kafin hutu ya fara canzawa. Ya daina cin abinci da mu, yana magana shi kaɗai. Da aka koma karatu bai dawo ba. Na aika a tambaya, aka ce ya tafi Legas neman aiki, kamar yadda samari da yawa ke yi a lokacin. Haushi ma na ji, mutum ya tafi ko sallama babu.

Sai matar da ke kula da ɗaliban da ba su da lafiya ta kira ni ofishinta. Ta ce ta lura da halin da yake ciki, kuma in aka rufe zangon karatun nan ba a ji daga gare shi ba, za a cire sunansa. Gidajen zango, unguwanninmu na Hausawa, ba su da lamba, sai da ɗan gari, ga shi ba ta jin Hausa. Haka na zama ɗan jagora kuma tafinta, ina gunaguni a raina.

Mun sami mahaifinsa a tsakar gida. Bakanike ne, dattijo mai fara'a, amma da ya ji daga inda matar ta fito, fuskarsa ta mutu.

"Ya tafi Legas, ɗana," in ji shi. "Gaya ma madam haka."

Na buɗe baki zan fassara ke nan, sai na ji murya daga ɗakin da suke ɗaure rago. "Cale, kai ne?" Cale, yadda samari ke kiran juna. Muryarsa ce.

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Yana zaune a kan tabarma, an aske masa kai, ya rame har na ga ƙasusuwan wuyansa. Sarƙa ce a ƙafarsa, an ɗaure ta jikin ƙarfen tayar babbar mota. Ga ƙwaryar rubutu a gefe. Ya dube ni ya ce, "An fara jarrabawa?"

Matar ta cire takalmanta, ta shiga ta zauna a ƙasa kusa da shi. Ni kuwa fushi ya rufe mini ido, na manta da girman dattijon. "Baba, ɗanka ne fa."

"Na sani," in ji dattijon. "Fita yake yi titi yana surutu. In makaranta suka ji ya haukace, sun kore shi ke nan. Na ce in ɓoye shi har malam ya gama magani. Ka roƙe ta kar ta faɗa."

Na fassara da ƙyar. Matar ta ce in gaya masa ba a korar ɗalibi don ya yi ciwo. Akwai likita a jami'a, za a ajiye masa gurbinsa har ya warke, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Dattijon ya sa na maimaita. "Ba za su kore shi ba?" Na ce a'a, Baba. Sai ya zaro makulli daga igiyar da ke wuyansa, amma hannunsa ya kasa samun ramin kwaɗon. Ni na buɗe.

Abokina ya warke, ya koma jami'a, ya gama karatu bayana da shekara guda. Har yau ba ya zama cikin mutane sai da safa, saboda tabon sarƙar a ƙafarsa. Abin da na koya shi ne, taimakon da iyaye ba su san da shi ba tamkar babu shi ne, kuma tsoro kan sa mai ƙauna ya ɗaure ɗansa. Tun daga ranar, in aka ce mini wani ya yi tafiya ba sallama, sai na taka da ƙafata na je gidansu.