Na Kai wa Baba Bitrus Na'urar Auna Gajimare

Sabon Tasha

Gari bai gama wayewa ba na shiga bas a Sabon Tasha da ke Kaduna, akwati a kan cinyata. Ina aiki ne da masu binciken yanayi. Mu ke ɗaura wa ƙaramin jirgin sama na'urori a ƙarƙashin fiffike, ya kutsa cikin gajimare ya auno girman ɗigon ruwa da ƙwayoyin hayaƙin da ke yawo a iska. Wadda ke cikin akwatin tsohuwa ce, shugabanmu ya ba ni aro in kai Kafanchan in nuna wa Baba Bitrus, malaminmu na kimiyya a sakandare. Shi ya fara gaya mana cewa ɗigon ruwa ba ya haɗuwa a sama sai ya sami ƙwayar da zai manne wa. Ya daɗe yana cewa a waya yana son ya ga irin na'urar da idonsa, jirgin kuwa sai bana ya sami izinin zuwa yankinmu.

Kachia zuwa Zonkwa

Bayan mun wuce Kachia, a wani shinge, soja ya sa na buɗe akwatin. Da ya ga ƙarfe mai ƙaho biyu sai fuskarsa ta sauya. Na yi masa bayani cewa haske ne ke bi tsakanin ƙahonin, duk ɗigon da ya gifta sai na'urar ta ƙirga shi. Ya ce in haka ne, in tambayar masa gajimare dalilin da ruwa ya yi jinkiri a garinsu, ya sallame mu. A Zonkwa na ci gasasshiyar masara, na sauya mota. Gonakin citta sun yi kore shar, hadari na haɗuwa ta wajen dutsen Kagoro.

Kafanchan

Mama Rahila, matarsa, ta tare ni a ƙofa, ta ja ni gefe. Ta ce idon Baba ya tafi tun bara, shi ya hana a gaya mini. 

Na same shi zaune a baranda. Bayan mun gaisa na ɗora masa na'urar a cinya. Ya shafa ta a hankali, ya tambaye ni ta inda hasken ke bi, na kama yatsansa na sa a tsakanin ƙahonin. Ya jima a haka.

Ya ce, "'Yata, ke da kanki kin shiga cikin gajimaren?"

Na ce, "Na shiga, Baba."

"Yaya yake?"

Na ce fari ne fat, ko fiffiken jirgin ba ka gani.

Ya yi 'yar dariya. "Ashe tun bara ina ciki."

Mama ta tashi ta shiga kicin. Na so in taya shi dariyar, na kasa. Muka ci tuwon acca, ya yi mini addu'a cikin sunan Yesu, na kwana a ɗakin 'yarsu.

Komawa gida

Washegari na kamo hanya, muka yi ta tafiya cikin ruwa har Kaduna. Na gode wa Ubangiji da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Mama da ta karɓe ni kamar 'yar cikinta. A wayata akwai hotunan makarantarmu da na ɗauka daga sama domin Baba. Ban ma gaya masa na zo da su ba.