Sunan da Ke Kan Rasit

Duk wanda ya taɓa ɗora buhu a tashar Kontagora ya san Ɗantani. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kan riga shi isa wuri. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana tuƙa motocin mutane: yau masarar wani daga Bangi, gobe dawar wani daga Rijau, jibi a karɓe makulli a ba wani ko sannu babu. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Cutarsa ɗaya ce, ba ya son a ji cewa wani ya yi masa alheri.

Matarsa Jawahir man gyaɗa take yi. Tun kafin a haifi 'yarsu Shamsiyya take suya, ta kai niƙa, ta matse, har tafin hannunta ya yi kanta. Ita ce wata rana ta ce ya raka ta wurin wani dillali. Can suka tarar da farar akori-kura ta hannu. Ta biya, aka rubuta rasit da sunanta, ta miƙa masa makulli ta ce, "Baban Shamsiyya, wannan dai ba mai karɓe maka shi."

A ranar har ƙwalla ya yi. Amma kafin sati ya zagayo, labari ya sauya kama a tasha. Wai Ɗantani ne ya yi ta tara kuɗi, Ɗantani ne ya hana cikinsa. Don kada a yi musu, ya kai motar wurin mai fenti, aka rangaɗa mata rubutu ja a baya: GUMIN ƊANTANI.

Sai zancen rajista ya taso, domin takardun tsohon mai ita sun mutu. Ya je ofis ya tarar da layi, kuma rabin mutanen da ke kan benci direbobin tasharsu ne, har da Nuru, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Ma'aikacin da ke karɓar takardu, wani Philip mai Hausar 'yan koyo, ya shiga lissafa masa abin da ake bukata: rasit, takardun motar na asali, katin ɗan ƙasa, hoto, inshora, sannan a fito da motar a duba lambar inji da ta shasi. Ɗantani ya zube komai a tebur yana taƙama.

Philip ya ɗaga rasit, ya dubi katin, ya sake duban rasit. "Malam, suna bai zo ɗaya ba. Wace ce Jawahir?"

Ɗantani ya ji idon Nuru a ƙeyarsa. Kafin ya ankara, bakinsa ya riga shi.

"Wata mata ce, yallaɓai. A hannunta na saya."

"To, ba matsala. Kawo takardar da ta nuna ta sayar maka, da sa hannunta."

Wata mata. Tun daga ƙofar ofis har shagon masu buga takarda maganar nan take yi masa ɗaci a baki, amma bai fasa ba. Aka buga masa takardar da Turanci, ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya same ta a tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli. Ya tsaya daga gefe kamar baƙo, ya ce takardar ofis ce, hannu kawai za ta sa. Abin da ya manta shi ne, shi ya gudu daga firamare a aji uku, ita kuwa ta gama. Ta goge hannu da zani, ta bi layukan da yatsa a hankali, tun daga sama har ƙasa. Sannan ta karɓi biro ta sa hannu.

"Ga shi," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Amma an rubuta na sayar maka. Ni ban san ranar da muka yi ciniki ba. Da ka ce min sunanka kake so, da ni zan je in gaya musu da bakina."

Da ta zage shi, da ya sami abin yin faɗa a kai. Ita kuwa sai ta koma murzarta. Ya dubi takardar, ga shatin yatsanta na mai a gefe. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa ta inda zai bi ya fita daga gidansa.

Washegari ya roƙe ta ta sa mayafi, suka tafi tare. Nuru na nan kan benci, bai gama nasa ba. Ɗantani ya tsaya gaban Philip, muryar nan da ke cika tasha ta koma ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, ƙarya na yi jiya. Matata ce. Ita ta sayi motar. A sa sunanta."

Philip ya karɓi katinta. Kafin azahar, har masu sayar da rake a tasha sun ji.

A hanyar komawa ya ce zai biya wurin mai fenti a goge rubutun. Jawahir ta ce a'a, fentin sabo ne, kada a ɓata mata mota.

Yau shekara uku ke nan. Ɗantani na nan yana jigilar hatsi, ya rage surutu ƙwarai. In jami'an hanya suka tsayar da shi suka tambayi mai motar, yakan ce ta matarsa ce, ba ya inda-inda. Rubutun nan ja kuwa ko ɗan kwarzane bai yi ba. Duk inda ka ga farar akori-kura an juya bayanta an manna da bango, to Ɗantani ne ya ajiye ta.