Agogo Biyu na Baban Auta

Shagon Baban Auta bai fi ɗakin wanka girma ba. Shagon bai taɓa ƙaruwa ba, shi kuwa kullum ƙaruwa yake. Gyaran agogo sana'ar zama ce: gilashi a ido, hantsaki a hannu, kwalbar lemo a gefe. Har ta kai sai a karkace yake shiga, tumbinsa na share masa ƙurar teburi. Maƙwabcinsa mai gyaran takalmi yakan ce nan gaba sai an kira kafinta ya faɗaɗa ƙofa kafin a tashi aiki.

Shi dai dariya yake yi, sai da Auta ta yanke masa ita. 'Yarsa ce ƙarama, wadda suka samu bayan sun fitar da rai. Wata rana da yamma ta fizge hannunta ta nufi titi a guje tana ƙyalƙyala dariya. Ya bi ta, bai je ko'ina ba numfashi ya ƙwace masa, ya tsaya dafe da gwiwa yana kallon motoci. Wata mai sayar da ayaba ce ta cafke ta a bakin kwalta. Ya ji kunya, amma tsoron da ya ji ya fi kunyar yawa.

Da ya je asibiti, likita ta saurari ƙirjinsa ta ce, "Ba doguwar wahala nake so ba. Ka yi gudu da ƙarfi na ɗan lokaci, ka sassauta ka taka a hankali, sannan ka sake. Agogo dai ba sai na ara maka ba."

Da ta san halin mutumin da ba ta faɗi haka ba. A aljihun teburinsa akwai agogo biyu iri ɗaya da masu su suka manta da su, ɗaya mai gaggawa, ɗaya mai nawa. Ya sa wa mai gaggawar jan maɗauri, shi ne na gudu. Mai nawar kuma na hutu. Gudu kan ƙare kafin gumi ya tsattsafo, hutu kuwa har ya gaisa da masu wucewa, ya tambayi iyalinsu ɗaya bayan ɗaya.

"Maman Auta, wannan motsa jikin yaudara ce," in ji shi bayan 'yan makonni. "Ko ramin bel ɗaya ban ci ba."

Washegari ta ɗauki gorar ruwa ta bi shi filin da yake gudu, ta ga komai da idonta. Ai matar mai gyaran agogo ce. Yana shiga wanka ta musanya maɗauran.

Da ya koma fili, gudu ya ƙi ƙarewa. Da ƙyar hutu ya zo, kafin ya gama haki ya wuce. Yana kara agogon a kunne ya gane aikin waye. To amma ƙorafi na nufin tona asirin kansa, don haka ya haɗiye.

"Yaya filin yau, Baban Auta?"

"Lafiya lau," ya amsa daga tsakar ɗaki, inda yake shimfiɗe kamar buhu.

Haka ya ci gaba, yana gudu yana ƙunƙuni. Ma'aunin nauyi bai wani motsa ba, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai. Amma wando ya fara zamewa, matakalar gida ta daina zama abokiyar gaba. Likita ta ce kitsen ciki ya ragu, zuciya ta ƙara ƙwari.

Wata safiya Auta ta biyo shi filin. Tana ganin sarari ta kwasa, ta nufi ƙofar da ke fita titi. Bai ma yi tunani ba. Kafin ta kai rabi ya sure ta sama.

Yarinyar ta dube shi, ta ɓare baki da kuka, ita a dole an yi mata maguɗi.

"Ai Baba ba ya kama ni!"

Ya rungume ta, ƙirjinsa na bugawa, idonsa ya ciko.

"Yanzu yana kamawa," in ji shi.